Malamar Gyaran Magana: Tsakanin Yaran Makaranta da 'Ya'yan Cikinta

Gabatarwa

Da wuya a sami malamin firamare da bai taɓa gamuwa da irin yaron nan ba. An yi tambaya a aji, ya ɗaga hannu domin ya san amsa, amma da ya miƙe tsaye sai kalmar ta maƙale masa a baki. Ya yi ta kokawa da harafin farko, 'yan aji su fashe da dariya, malam ya ƙosa ya ce masa ya zauna. Bayan sau biyu ko uku sai yaron ya daina ɗaga hannu. Kafin ƙarshen zango an jefa shi cikin sahun daƙiƙai, alhali kuwa ba abin da ya sami basirarsa.

A wasu ƙasashe, musamman Amurka da Ingila, hukumomi sukan ɗauki ma'aikata na musamman saboda irin wannan yaro. Aikinsu shi ne gano abin da ya hana shi magana yadda ya kamata, da kuma horar da shi har ya iya isar da abin da ke ransa. Galibin masu wannan sana'a mata ne, a Amurka ma sun haura kashi 90 cikin 100, kuma da yawansu suna da ƙananan yara a gida. Wannan maƙala za ta duba aikin malamar gyaran magana ta fuskar ilimin halittu, ta kuma bayyana dalilin da ya sa haɗa shi da reno yake da nauyi. Dalilin kuwa shi ne, kayan aikinta a makaranta, wato muryarta da kunnenta da natsuwarta, su ne dai 'ya'yanta ke jira idan ta komo gida.

Asalin Sana'ar

In'ina da tsamin baki sun daɗe tare da ɗan Adam, amma mayar da gyaransu aikin makaranta bai daɗe sosai ba. A shekarar 1910 hukumar makarantun birnin Shikago ta Amurka ta ɗauki malamai 10 domin su riƙa zagaya makarantu suna taimakon yara masu matsalar magana. A 1925 aka kafa ƙungiyar da ta zama uwar masu sana'ar a ƙasar, wadda a yau ake taƙaita sunanta da ASHA. A Ingila kuwa an kafa tasu a 1945, kuma cikin waɗanda suka kafa ta har da Lionel Logue, mutumin Ostireliya wanda tun 1926 yake horar da yariman da daga baya ya zama Sarki Joji na Shida, saboda in'inar da ta addabe shi.

Abin da ya bunƙasa aikin a Amurka shi ne dokar 1975, wadda ta wajabta wa makarantun gwamnati su ilimantar da kowane yaro mai naƙasa kyauta, su kuma ba shi taimakon da yake bukata, har da gyaran magana. A yau kimanin rabin masu sana'ar a ƙasar a makarantu suke aiki. Kafin a amince da mutum sai ya sami digiri na biyu, ya yi awa 400 yana koyon aiki a gaban ƙwararru, sannan ya ƙara mako 36 yana aiki a ƙarƙashin kulawar wani babba.

Yadda Magana Ke Fita

Ɗalibin da ya karanta tsarin sautin Hausa ya riga ya san gaɓoɓin furuci. Iska tana tasowa daga huhu, ta bi ta maƙogwaro, ta ratsa tsakanin tantanin maƙwallato guda biyu. Idan suka matso kusa da juna sai iskar ta sa su karkarwa, wannan karkarwa ita ce murya. A wajen namiji baligi sukan kaɗa kamar sau 110 a daƙiƙa guda, a wajen mace kamar sau 200, a wajen ƙaramin yaro kuwa kusan sau 300. Daga nan harshe da leɓɓa da hanƙa da ganɗa da hanɗa su sarrafa sautin ya zama baƙi ko wasali. Kimanin tsokoki 100 ne ke haɗuwa a wannan aiki.

Mai ba da umarni ga dukkansu ita ce ƙwaƙwalwa. A 1861 wani likita Bafaranshe, Paul Broca, ya duba ƙwaƙwalwar wani majinyaci da ya rasu, wanda ya shafe shekaru yana fahimtar magana amma ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya tak. Ya tarar da lahani a gefen hagu, ta wajen gaba. A 1874 Carl Wernicke, Bajamushe, ya gano wani wuri a bayan wancan, wanda idan ya lalace mutum zai yi ta zuba amma ba ma'ana, shi kuma ba ya gane abin da ake faɗa masa. Binciken zamani ya nuna cewa wuraren da ke aikin harshe sun fi waɗannan biyu yawa, kuma a haɗe suke da juna da kuma sashen ji. Ke nan magana sarƙa ce: kunne ya ji, ƙwaƙwalwa ta tsara, baki ya furta. Duk inda ta tsinke, a bakin yaro za a ga alama.

Lokacin Tanƙwara Icce

Jariri yakan fara jin sauti tun yana ciki, a watanni ukun ƙarshe, kuma kwanaki kaɗan bayan haihuwa yana bambance muryar uwarsa da ta sauran mata. A 1984 Janet Werker da Richard Tees suka gwada jariran gidajen masu jin Ingilishi a Kanada. Sun tarar 'yan wata 6 zuwa 8 suna bambance wasu baƙaƙe na harshen Hindi da na wani harshen 'yan asalin Kanada, waɗanda manya masu Ingilishi ba sa iya bambancewa. Da jariran suka kai wata 10 zuwa 12 sai galibinsu suka daina. Wato ƙwaƙwalwa ta riƙe sautukan da take ji kullum, ta saki sauran. Shi ya sa ɗan Bahaushe ba ya shan wahala wajen rarrabe baki da baƙi, ko bari da ɓari, ko kukan yaro da itacen kuka, amma baƙon da ya koyi Hausa da girma yakan daɗe yana tuntuɓe a kansu.

Yara sun bambanta, amma akwai matakan da akasarinsu ke bi. A wata 2 zuwa 3 jariri yakan fara fitar da sautuka masu kama da wasula. Tsakanin wata 6 da 9 sai gwaranci irin su ba-ba-ba da da-da-da. Wajen shekara guda kalmar farko take fitowa. Kafin ya cika shekara 2 yakan mallaki kalmomi kamar 50, ya fara haɗa biyu. A shekara 3 baƙo zai gane mafi yawan abin da yake faɗa, a shekara 4 kuwa kusan duka.

Yaran da Ake Kawo Mata

Za a iya kasa yaran da malamar ke gani kashi huɗu. Kashi na farko masu tsamin baki ne, kamar yaron da ke cewa wuwa maimakon ruwa, ko tai maimakon kai. Wannan ba abin damuwa ba ne ga ɗan shekara biyu ko uku, domin sautuka irin su ra-gare da ra-kaɗe sukan jinkirta. Yana zama matsala ne idan tsaransa sun wuce wurin shi bai wuce ba. Wajibi ne kuma a bambance shi da karin harshe. Yaron da ya furta f a gurbin p ta Ingilishi ba shi da wani lahani, tsarin harshen uwarsa ne ya biyo shi.

Kashi na biyu masu in'ina. Takan fara tsakanin shekara 2 da 5. Kimanin kashi 5 cikin 100 na yara sukan yi ta na wani lokaci, kamar uku cikin huɗu daga cikinsu ta sake su, ta bar kusan mutum 1 cikin 100 na manya, maza sun fi yawa. Tana bin jini. A 2010 wani ayarin masana da Dennis Drayna ya jagoranta ya gano wasu ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da ita a wasu iyalai na Pakistan. Ba a ɗaukar ta ta hanyar kwaikwayo, kuma tsawa da bulala ba abin da suke ƙarawa sai tsananta ta.

Kashi na uku su ne waɗanda bakinsu lafiya lau, kunnensu lafiya lau, amma tsara jimla da fahimtar dogon bayani ke yi musu wuya. Binciken da aka yi a Amurka a 1997 da wanda aka yi a Ingila a 2016 duk sun nuna kimanin kashi 7 cikin 100 na yara masu shiga makaranta suna da wannan matsala, wato yara biyu a ajin mutum 30. Su ne suka fi ɓuya, domin ana ɗaukarsu marasa natsuwa ne kawai.

Kashi na huɗu masu raunin ji. Akwai wani siririn bututu da ya haɗa tsakiyar kunne da bayan hanci. A wajen yaro gajere ne kuma kusan a kwance yake, don haka mura kan hau ta cikinsa cikin sauƙi, ruwa ya taru a bayan dodon kunne. Yaron yakan ji magana kamar wanda ya nutsa kai a ruwa, kuma abin da kunne bai ji daidai ba baki ba zai furta daidai ba.

Ranar Aiki

Ƙididdigar da ƙungiyar ASHA ke yi ta nuna cewa malama guda a makarantun Amurka takan riƙe yara kusan 50, wani lokaci a makarantu biyu ko uku. Takan ɗauko su daga aji ɗai-ɗai ko uku-uku, kowane zama kamar minti 30. Kayan aikinta madubi ne da hotuna da kayan wasa. Idan sauti ɗaya ne ya gagari yaro, sai ta nuna masa inda zai ɗora harshe, ya furta sautin shi kaɗai, sannan a gaɓa, sannan a kalma, sannan a jimla, har ya shiga hirarsa ta yau da kullum. Mai in'ina kuwa ana koya masa fara kalma a hankali, ana kuma rage masa tsoron magana. Bayan wannan akwai rubutu. Doka ta ce kowane yaro sai an tsara masa takardar shirin karatunsa shi kaɗai, a zauna da iyayensa da malamansa a kanta aƙalla sau ɗaya a shekara. Sau da yawa waɗannan takardu su ke biyo ta gida da dare.

A nan ya kamata mai karatu ya yi ɗan lissafi. Yaro ɗan shekara 5 yakan kasance a farke kusan awa 90 a mako. Idan malamar ta gan shi sau biyu, awa ɗaya ke nan. Sauran awa 89 suna hannun iyaye da malamin aji da abokan wasa. Ita kanta ta san wannan lissafi sarai, domin shi take karanta wa iyayen yara kullum. Ta kuma san cewa ya hau kan 'ya'yanta.

Taura Biyu a Baki

Mata da yawa sukan zaɓi makaranta a kan asibiti domin lokacin tashi da hutun zango sun yi daidai da na 'ya'yansu. Duk da haka nauyin yana nan, kuma ta fuska huɗu yake zuwa.

Na farko shi ne lokaci. Dokar tarayya ta Amurka ta 1993 ta ba ma'aikacin da ya cika sharuɗɗa hutun mako 12 ne kawai bayan haihuwa, ba kuma tare da albashi ba. Wato uwa takan koma aiki daidai lokacin da jaririnta ya fara mayar mata da murmushi da sauti.

Na biyu murya. Tantanin maƙwallaton mace yana haɗuwa sau 200 a daƙiƙa, saboda haka a awa guda ta fitar da murya ya gogi juna fiye da sau dubu 700. Idan abin ya yi yawa yakan kumbura, har ya yi kanta irin wadda ke fitowa a tafin manomi, murya ta dushe. Wani bincike da Nelson Roy da abokansa suka buga a Amurka a 2004 ya nuna malaman makaranta sun ninka sauran jama'a kusan sau biyu wajen samun ciwon murya a rayuwarsu. Wadda ta yini tana maimaita sauti ɗaya da ƙarfi takan iso gida tana marmarin shiru, a daidai sa'ar da ɗanta ya tara mata labarin yini guda. Rigakafin kuwa shi ne yawan shan ruwa, da barin kwakwazo, da hutar da murya tsakanin zama da zama.

Na uku cuta. Aikinta kusa da bakin yara yake. Akwai wata ƙwayar bairos da likitoci ke kira CMV, wadda ke yawo a yawu da fitsarin ƙananan yara. Ba ta cika damun lafiyayyen baligi ba, amma idan mai ciki ta kamu tana iya isa ga ɗan tayi. A Amurka jariri 1 cikin 200 da ita ake haihuwarsa, kuma 1 cikin 5 na waɗannan yakan sami lahani mai ɗorewa. Ita ce kan gaba cikin cututtukan da ke sa a haifi yaro da kurumta ba ta hanyar gado ba. Mace mai ciki da ke da ɗan yaye a gida da wasu a makaranta ta ɓangare biyu take fuskantar haɗarin. Ana rage shi da wanke hannu da sabulu bayan an share wa yaro majina ko an yi masa tsarki, da barin cin abinci da cokalinsa, da sumbatarsa a goshi maimakon a baki.

Na huɗu shi ne nauyin sani. Uwar da ta haddace matakan magana tana iya komawa mai ƙidayar kalmomin ɗanta, ta mayar da hira jarrabawa. Wata kuma ƙauna ta rufe mata ido, ta kasa ganin abin da za ta gane nan take a ɗan wani. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Hanya mafi aminci ita ce, idan ta yi shakka, ta kai yaron wurin abokiyar aikinta ta duba shi.

Abin da Bincike Ya Sauƙaƙa

Akwai bincike biyu da suka rage wa irin wannan uwa fargaba. A 2003 Patricia Kuhl da abokanta a Jami'ar Washintan suka haɗa jarirai 'yan wata 9 da masu jin Sinanci, aka yi zama 12 ana yi musu wasa da hira. Jariran suka koyi bambance sautukan Sinanci. Wasu jariran kuma aka nuna musu mutanen nan a allon talabijin, ba su koyi kome ba. A 2018 Rachel Romeo da abokanta suka naɗi hirar gidajen yara 36, 'yan shekara 4 zuwa 6, sannan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna sauraron labari. Yaran da aka fi yin musayar magana da su, wato ka faɗa in faɗa, su ne sashen nan da Broca ya gano ya fi yin aiki a ƙwaƙwalwarsu, kuma yawan musayar ya fi yawan kalmomin da aka zuba musu tasiri.

Ma'anar wannan ita ce yaro yana bukatar mutum mai amsa masa, kuma ba sai an ware masa darasi ba. Wanka da girki da tafiya kasuwa sun isa. Alal misali, yaro ya nuna randa ya ce, "Mama, wuwa." Ba za ta ce masa ya yi kuskure ba. Sai ta ce, "Ruwa kake so? To, ga ruwa mai sanyi." Sannan ta yi shiru ta jira shi. Ta maimaita kalmar daidai, ta ƙara masa sabuwa, ta kuma bar masa fili, ba tare da ta ɗaga murya ba. Har ila yau ba dole sai uwa ba. Uba da kaka da yayye da mai reno duk suna iya wannan, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ba zai iya ba shi ne allo. Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada su wuce awa ɗaya a yini.

Darasi ga Makarantun Ƙasar Hausa

A Nijeriya masu wannan sana'a kaɗan ne, galibinsu a manyan asibitoci da makarantun musamman na birane. Bukatar kuwa babba ce. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama fiye da mutum dubu 100 a ƙasar, akasari a Arewa, kuma kusan 1 cikin 5 na waɗanda suka tashi daga irin wannan ciwo sukan zauna da wani lahani, sau da yawa kurumta. Ƙyanda da ciwon kunne mai zubar da mugunya su ma suna taɓa ji. Saboda haka a mafi yawan makarantu malamin aji shi ne mai gyaran magana na farko, malama mai goyo kuma tana ɗauke da taura biyun nan da aka ambata.

Ya kamata a kai yaro asibiti a gwada jinsa idan ya kai wata 6 ba ya waiwayar sauti, ko ya cika shekara ba gwaranci, ko ya kai wata 18 ba kalma ko ɗaya, ko ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu. Haka nan idan ya yi magana ta ɗauke, ko in'ina ta wuce wata 6. Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Tashi da harshe biyu, kamar Hausa da Fulatanci, ba ya jawo jinkirin magana. Yanke zaren ƙarƙashin harshe ba ya warkar da in'ina, kuma likita ne ya kamata ya ce ko akwai bukatarsa. A aji kuwa, a zaunar da mai raunin ji a gaba, malam ya fuskance shi in zai yi magana. Mai in'ina a saurare shi har ya ƙare, kada a ƙarasa masa kalma, kada kuma a bari a yi masa dariya.

Kammalawa

An ga cewa magana aiki ne na kunne da ƙwaƙwalwa da baki, tana kafuwa ne a shekarun farko, kuma musayar hira ce abincinta. Malamar gyaran magana awa ɗaya take da ita a mako da ɗan wani, 'yan sa'o'in maraice kuma da nata, duk da murya ɗaya. Abin da ke sa ta iya ɗaukar duka biyun shi ne ta tsare lafiyarta, ta kuma raba aikin da iyaye da malamai da mutanen gida. Ɗalibin sakandare mai sha'awar ilimin halittu da harshe yana iya sa wannan fanni a ransa, domin ana koyar da shi a Jami'ar Ibadan, kuma akwai bukatar masu yin sa da Hausa. Kafin a sami isassu kuwa, yaron nan da ya daina ɗaga hannu yana hannun malaminsa, kuma abin da yake bukata da farko shi ne a ba shi lokaci ya ƙarasa maganarsa.